Tila a Baki

Jama'a, abin nan da ni ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka kawo zan dafa. Lokacin ina da rumfar gyaran babur a gefen kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan, can layin masu walda, ya yi shekara goma sha wani abu yanzu. Na dai san ƙarshen damina ne, ana cikin yankan riɗi, lokacin da kowa ke cikin gaggawa saboda riɗi in ya bushe ba ya jiran kowa, zubewa yake yi a ƙasa. Babura kuwa sai zuwa suke daga gonaki, duk sun sha baƙin laka, wannan sarƙa ta saki, wancan fulogi ya cushe, kowa kuma so yake a fara da nasa.

Rumfar ba ni na kafa ta ba. Ta maigidana ce, Usta Haruna, mu a nan gwanin sana'a usta muke ce masa, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koya mini sana'ar, kuma ya rasu da shekara biyu kafin wannan rana. Bahago ne, gajere, ba ya son surutu, ni kuma Allah Ya yi ni da baki, kun ga kuwa mun sha faɗa. Yana da doka guda da ban taɓa gani wurin wani bakanike ba. Kun san in za a ja sarƙar babur sai an sassauta babban notin tayar baya, kuma akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu da ake cusawa a jikin notin a lanƙwasa, don kada girgizar hanya ta warware shi. Mu a nan tila muke ce masa. To dokar Usta ita ce, da ka zare tila, a baki za ka riƙe ta, tsakanin leɓe. Ba magana, ba shan shayi, ko sallama aka yi sai dai ka ɗaga hannu, har sai ka mayar da ita wurinta. In tilar ta karye kuwa ba ya sayen sabuwa, wata wayar jan ƙarfe gare shi a naɗe, rataye a ƙusa can ƙuryar rumfa, sai ya yanko ya cusa ya murɗa ta sau uku ta hagu. Bayan rasuwarsa ban taɓa wayar nan ba, tana nan ta yi duhu da ƙura.

Ranar Juma'a ce, da hantsi, Idirisa ya turo baburinsa. Wakilin wata gona ne a wajen garin Basunda, bai daɗe da fara kawo mini gyara ba, bai ma riski Usta ba. Ya ce in canza masa baƙin mai, in duba birki, in ja sarƙa, kuma don Allah da sauri, ya kawo mahaifiyarsa ganin likita ne, zai mai da ita gida kafin rana ta yi, ga ma'aikata can suna jiransa. Na juye mai, na wanke fulogi, na zo kan sarƙa, na zare tila na sa a baki kamar kullum.

Sai mai shayin layinmu ta aiko da jabana, gahawarmu ta nan, ƙamshin citta ya bugi hancina, a daidai lokacin kuma Idirisa ya fara cewa wai wani bakanike a garin Fau ya fi duk na Gadarif iya saita kafireto. Ni fa? A rumfata? Ban san sanda na cire tilar daga baki na jefa a aljihun gaba ba, na kama shi da gardama, ina sha ina magana ina ja da sifana. Na ɗaure noti, na taɓa sarƙa na ji ta yi daidai, na buga kan sirdi na ce masa khalas, an gama, Allah Ya kiyaye hanya. Ya tafi ɗaukar tsohuwa.

Ban tashi sanin abin da na yi ba sai a masallaci. Na yi sujada ta farko sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Ina sallamewa na sa hannu a aljihu, na fito da tilar Idirisa. Innalillahi. Ai na san hanyar nan, in ka bar kwalta ka shiga ta ƙasa, lakar da manyan motoci suka tattake ta bushe ta zama kunya-kunya, babur rawa yake yi tun daga farko har ƙarshe. Noti ba tila a wannan hanya, a hankali zai riƙa juyawa, har tayar baya ta goce, mutum na cikin gudu, ga tsohuwa a bayansa.

Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake, na sake, ba ta shiga. Ko takalmina ɗaya ban samu ba a ƙofar masallaci, na zura na wani, Allah Ya yafe mini, na koma na rufe rumfa da kwaɗo, na ɗauki sifana na hau nawa babur ɗin.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Tilar na sa ta a baki, don ban san inda zan ajiye ta hankalina ya kwanta ba. Duk inda na hango mutane sun taru a bakin hanya sai in rage gudu, in ga ashe masu jiran mota ne. Na tsaya wajen masu sayar da fetur a kwalba na yi tambaya, suka ce e, sun ga mai babur da tsohuwa a baya, sun daɗe da wucewa. Na bar kwalta, na shiga hanyar gonaki, dawa a hagu dawa a dama ta fi tsayina, ba na ganin komai sai abin da ke gabana, kowace kwana ina jira in tarar da su a kwance. Ina ta lissafin abin da zan gaya wa 'yan uwansa. In ce musu me? In ce jabana da gardama ne suka kashe musu uwa?

Wajen la'asar na hango su. Suna gaban wani busasshen kwari mai gangara, ƙarƙashin aduwa, tsohuwa zaune a kan mayafinta tana jan carbi, Idirisa yana shan ruwa, babur a tsaye lafiya lau. Na diro ko kashe nawa ban yi ba, na zare tilar daga baki na nuna masa, na ce kada ya sake hawa, ni na yi kuskure.

Ya kalle ni ya yi dariya. Da yake ni ma yanzu usta ake ce mini, ya ce, "Usta, ai mutuminka ya riga ka. Ba kai ka aiko shi ba?"

Na ce wane mutum? Sai ya ba ni labari, shi ko a jikinsa. Wai kafin su gangara kwarin nan suka ga wani dattijo tsaye a tsakiyar hanya, gajere, da tsohuwar riga duk tabon baƙin mai, ya ɗaga musu hannu. Sun yi masa sallama bai amsa ba, hannu kawai ya sake ɗagawa, don akwai wani abu a bakinsa. Ya nuna su sauka, ya tsuguna a bayan babur, ya juya notin da yatsa biyu don Idirisa ya gani, notin saura kaɗan ya fita. Ya fito da sifana, ya ɗaure, da hannun hagu. Sannan ya ciro abin da ke bakinsa ya cusa.

Na tsuguna na duba. Wayar jan ƙarfe ce, an murɗa ta sau uku, ta hagu. Ni na san wannan murɗin kamar yadda na san fuskar uwata, shekara tara ina kallonsa.

Na tambaya ina dattijon ya yi. Idirisa ya ce ya shiga cikin dawa, ya ɗauka ma'aikacin wata gona ne da na kira a waya. Tsohuwar ce ta ɗago kai, ta ce, "Ɗana, ya bar maka saƙo, ni ya gaya wa, don ya ce Idirisan nan nawa mantuwa gare shi. Ya ce a ce maka, yau ya zo. Gobe bai sani ba."

Na miƙe na hau babur ɗina. Na raka su har bakin garinsu ina bin su a baya, idona a kan tayar nan, sannan na juyo. Ban wuce gida ba, rumfa na nufa, magariba ta kawo jiki. Kwaɗo yana nan yadda na rufe shi, makulli guda ne kuma yana wuyana. Na buɗe na tafi ƙurya. Wayar Usta tana rataye a ƙusarta, baƙa ƙirin da ƙura kamar kullum, amma bakinta sabon yanka ne, ja, yana ƙyalli.

Na kai maganar wurin wani malami, ya ce in yi wa mamacin sadaka in yi shiru, Allah Shi Ya san bayinSa da ke yawo a ƙasa. Ni ban ce Usta ne ba, matacce ba ya dawowa, na sani. Amma ban san ko wane ne ba, kuma har yau in na ji an tsaya a bayana ina cikin aiki, ba na son waiwayawa.

Tilar Idirisa tana nan wurina, ban sa wa kowa ita ba. Yanzu mutanen layinmu cewa suke na yi girman kai, ana gaishe ni ina ɗaga hannu. Su faɗa. Ku kuma masu babur, kafin ku ɗauki hanya, ku sunkuya ku dubi notin tayar baya da idonku, ku ga akwai tila ko babu, kuma in kun ga bakanike ya sa hannu a babur ɗinku kada ku ja shi da hira. Ni an zo mini sau ɗaya, kuma an gaya mini kada in sa ran na biyu.