Ƙananan Itatuwan da Suka Roƙi Rana

A bayan ƙauyenmu, can wajen Zurmi, akwai wani kurmi. Ko a tsakiyar bazara, idan ka shiga sai ka ji sanyi na taso maka daga ƙasa. Ganyen da ya zube kullum a jiƙe yake, ga kuma wani ɗan idon ruwa da kakata, Inna Hure, ke ɗiba. Ni ba mai magana ba ne, shi ya sa take ce mini "angona kurma".

Bayan magariba takan hura wuta a tsakar gida mu kewaye ta. Shekarar da ɗanta, Kawu Lawali, ya fara sare kurmin yana kai gawayi Kaura, tatsuniya ɗaya ta riƙe. Ba ta farawa sai ya zauna cin tuwo.

"Ga ta nan, ku buɗe kunne, har da mai cin tuwo."

Wai ƙananan itatuwa ne suka gaji da zama ƙarƙashin iyayensu. Suka ce maɗaci da kanya sun tare musu rana. Suka roƙi mai gatari ya raba su da tsofaffin, ya kuwa yi musu. Suka wuni suna murna. Washegari rana ta lashe raɓa, ta shanye damshin ƙasa, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Suna ƙonewa suna kiran iyayensu, iyayen kuwa suna cikin buhu a tasha.

Ƙanwata ta ce, "Inna, ba wanda ya tsira?"

"Ko guda. Ku tai ku kwanta."

Kawu ya ce, "Wutar ga da kike jin ɗumi, da mi aka hura ta?"

"Da uwar wani," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Idon ruwan ya riga Inna mutuwa.

Bara da na je hutu daga makaranta, na iske Kawu a filin da kurmin yake a da. Ya yi dashen itatuwa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, yana jigilar ruwa a jarka. Duk sun bushe. Ƙasar ba ta takuwa sai da takalmi. A aji an koya mana cewa rumfar manyan itatuwa ce ke riƙe sanyi a ƙarƙashinta komai zafin da duniya ta ƙara, idan ta tafi kuma ƙananan ne ke fara ji.

Ya ce, "Kai ɗan boko, mi ya hana su kamawa?"

Na buɗe baki, sai na ji maganar Inna ce ke fitowa. Na haɗiye ta, na karɓi jarkar, muka ci gaba da ba matattu ruwa.