Wa Ke Tayar da Bai Stamat?

Velichka Pencheva ta shekara talatin da ɗaya tana shara da goge allo a makarantar garinmu, kuma ba wanda ya taɓa ganinta da alli a hannu sai in tsintarsa ta yi a ƙasa. Gajeruwa ce, kakkaura, ga murya. In ta wanke baranda, ko shugaban makaranta sai ya tsaya bakin ƙofa ya jira ta bushe. Yara na ce mata Lelya, yadda suke kiran goggonninsu, suna kuma tsoronta fiye da jarrabawa.

Ita ma fa akwai abin da take tsoro. Tana 'yar shekara sha ɗaya wani malami ya ɗaga takardarta ya karanta wa aji, yana tsayawa kan kowane kuskure sai an gama dariya ya wuce. Daga ranar ta yi sallama da rubutu. Ko katin barka da sabuwar shekara mijinta Doncho ke rubutawa, ita ta liƙa kan sarki. Karatu kam tana yi, har jaridar da aka ƙunso cuku ba ta tsira. Amma ta yi rubutu wani ya gani ya yi mata dariya? Gara a ce ta wanke makarantar da buroshin haƙori.

To, shekarar da aka rufe makarantar ƙauyen tudu saboda ƙarancin yara, sai aka kwaso ragowar aka haɗa da na ƙauyen gangare a makarantarmu. Ƙauyukan nan tun kakanni ba sa ga maciji da juna, a kan wani rafi da tuni ya ƙafe. Aji bakwai ya zama yara sha biyu, shida jikin taga, shida jikin bango, ba mai ce wa wani ci kanka.

Sabuwar malamar adabi, Malama Rositsa, ba ta san garin ba, don haka ta zo da dabara. Labari ɗaya za a yi a allon baya, kullum yaro ɗaya ya ƙara jimla, yau na tudu, gobe na gangare. A kusurwa ta rubuta KADA A GOGE. Velichka ta ɗauki wannan cin fuska ne, amma ta haɗiye.

Zornitsa, 'yar tudu, ta fara da wani dattijo, ta sa masa Bai a gaban suna yadda ake kiran dattawa a nan: "Bai Stamat mai kiwon zuma ya fito da safe." Washegari Tihomir, ɗan gangare, ya ɗora: "Sai tarakta ta bi ta kansa ya mutu."

Da la'asar, bayan an tashi, Velichka ta tsaya da tsummanta tana karantawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Bawan Allah ya fito da safe, ko karyawa bai yi ba! Ta leƙa baranda, ba kowa. Kafin ta ankara ta riga ta rubuta: "Ashe suma ya yi. Ya tashi ya koma gida, ya goge ƙafa ya shiga."

Da safe aji ya kaure. 'Yan gangare suka ce an yi musu maguɗi, 'yan tudu suka rantse ba su ba ne. Malama ta ce ita ma ba ta san mai rubutun ba, kuma ba za ta goge ba. Haka aka yi sati uku. 'Yan gangare su jefa Stamat rijiya, da safe a tarar rijiyar ba zurfi. Su turo masa kyarkeci, a tarar kyarkecin tsoho ne ba haƙori.

A gida Doncho ya ga waken ya kama ƙasan tukunya. "Ke, lafiya kuwa? Ina hankalinki ya tafi?"

"Rabu da ni, an zuba wa mutum guba a gurasar banitsa."

"Wane mutum?"

"Ba ka san shi ba."

Kwana biyu Doncho na shinshina duk abin da ta ajiye masa kafin ya kai baki.

A aji kuwa, zargi ya sa yara suka fara haɗuwa a tsakiya. Da fari don zagi, sai don gwada rubutun juna, sai ga su suna gutsura wa juna burodi suna shawara. Zornitsa ce ta lura cewa duk inda Stamat ya tsira, sai ya goge ƙafa kafin ya shiga ɗaki. Mutum ɗaya ne a makarantar nan ke da wannan ciwon.

Suka roƙi Malama ta bar su su yi rubutun ranar Juma'a tare, su duka sha biyu. Suka kashe Stamat kisan da ba gyara. Likita ya duba, fadan coci ya yi addu'a, aka binne, aka ɗora dutse, aka yi kwana arba'in, matarsa ta sayar da amya. Da aka tashi suka ɓuya a ɗakin ajiyar taswira, har da Malama.

Velichka ta karanta sau biyu. "Kai, 'ya'yan nan ba su da imani," ta ce, ta ɗauki alli. Kalma ɗaya ta rubuta ƙofa ta yi ƙara. Ta juya, ga su reras. Kunya ta rufe ta, hannunta ya tafi neman tsumma.

"Haba Lelya, kar ki goge mana!" in ji Tihomir.

"Sati guda muka yi muna toshe ko'ina," Zornitsa ta ce tana riƙe ƙugu. "In kin isa, fito da shi mu gani."

In kin isa? Velichka ta dubi yarinyar nan sama da ƙasa. Ta juya musu baya, alli na ƙiiƙii, ta ƙarasa harafi bayan harafi: "Wanda aka binne ba Stamat ba ne, surukinsa ne da ya ari rigarsa bai mayar ba."

Aji ya fashe da dariya.

Ba ta juyo ba. Ta tsaya tana saurare, don ta san waccan dariyar sarai, shekara arba'in da wani abu tana jinta a kunne. Wannan daban ce. Tihomir na dukan tebur, Zornitsa ta durƙushe riƙe da ciki.

"Wallahi surukin nan ɗan gangare ne!" wani ya ce.

"Ƙarya kake, ɗan tudu ne! Ku ne ba kwa mayar da aro!"

Daɗi ya kama Velichka har idonta ya kawo ruwa. Ta share da gefen hannu, ta matsa kusa da Malama Rositsa, ta rage murya. "Malama, gaya min gaskiya. Akwai kuskure?"

"Uku ne, Lelya."

Velichka ta ɗaga kai ta dubi jimlarta, ta daɗe tana dubawa.

"To a bar min su a nan," ta ce. Sannan ta nuna yara da allin. "Ku kuma, ranar Litinin ku kashe shi da kyau, ban son aikin ganin dama."