Tambayar Baba a Kufan Romawa

Muna fitowa daga asibiti Baba ya ce in kai shi kan tudun birnin Lyon ya sha iska. Muka zauna a kufan Romawa, yana shafa duwatsun.

Ya ce, "Ina ne ƙasarsu?"

Na ce, "Roma gari ne, Baba. Daga can suka yi ta cin ƙasashe, amma ba su saki sunan garinsu ba."

Ya ce, "Kakanninmu ma sun baro Katsina, har yau Katsinawa ake ce mana a Maraɗi. Hadiza, in ta Allah ta kasance, ki mai da ni gida."

Watan jiya na raka gawarsa Maraɗi.

Ku sa shi a addu'a. Ku da ke nesa, da sunan wane gari kuke amsawa?