Malamin da Ya Bar Kausar Ta Yi Karatu a Kwance

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 11 ga Agusta, 2021, Allah Ya karɓi ran Malam Tajuddeen Bello a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar korona. Digirin digirgir ya kawo shi ƙasar nan, amma mu iyayen yara na unguwar Wangsa Maju malamin Alƙur'anin yaranmu muka sani.

Malam, ni ce mahaifiyar Kausar, kuma godiya ta sa na ɗauki alƙalami.

Shekararta goma sha biyar aka gano kansar jini a jikinta. Maganin ya zo mata da gajiyar da barci ba ya maganinta. Wanka sai a kan kujera, taje kai ya gagara. Ana tsaka da darasin makaranta a waya barci zai kwashe ta, ta farka da kuka. Masu iya magana daga gida har da cewa son jiki ne. Na haɗiye, don wanda bai ɗau kaya ba bai san nauyinsa ba.

Saura ƙiris ta sauke Alƙur'ani ta ce ta haƙura, tunda ba ta iya zama, kuma a tarbiyyarmu ɗalibi ba ya miƙe ƙafa gaban malami, balle ya kwanta. Ka ce mata, "Kwanta abinki, 'yata. A kwance ma ana ambaton Allah."

Ka tambaye ni lokacin da jikinta ya fi ƙwari, na ce da hantsi. Tun daga ranar da hantsi kake kira, duk da aikin bincikenka. Wata rana aya biyu kawai take iyawa. In ta yi gyangyaɗi ba ka kashe wayar, sai ka ci gaba da karantawa a hankali har ta farka. Daga kicin nake jinka, ina share hawaye.

Dokar kulle ta hana mu raka ka makwancinka, abin yana mana ciwo. Jiya Kausar ta kai ƙarshen Baƙara. Na kawo mata filo, ta ture, ta ce wannan karon a zaune za ta karanta wa Malam.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Alƙur'ani ya cece ka. Ya ba maiɗakinka Malama Hureira da ɗanku Ubaidullah haƙurin rashi. Ya hutar da kai kamar yadda ka hutar da 'yata.