Kifin da Hajiya Delu ta Gani da Idonta

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya karɓi labari daga bakin tsoho ya riƙe shi yadda aka ba shi, ya kuma ambaci mai shi. Wannan haƙƙin aka tauye wa kakata, Hajiya Delu, Allah Ya jiƙanta.

A gidanmu na Kontagora, da an idar da magariba, mukan kewaye murhunta tana gasa mana masara. A jirgin ruwa ta tsallaka Bahar Maliya zuwa hajji, kuma a bakin tekun ta ga masunta sun jawo wani kifi da suke kira ƙirish, kifin nan mai kaifin haƙora wanda ake ce wa shak da Turanci. Wanda ta gani ƙarami ne, bai wuce kamu biyu ba. Shi ta haɗa da goggon biri a tatsuniyarta.

Wai biri ya sauko bakin teku, ya daki ƙirji, ya ce wa kifin: "Kai da ko ƙashi ba ka da shi, sai guringuntsi, da me za ka kara da ni?" Kifin ya ce su ciji dutse. Suka ciza, kowa ya rasa haƙori. Da suka sake haɗuwa, kifin ya fito da sabo, biri kuwa yana rufe giɓi da tafin hannu.

"Kaka, ke wace ce a cikinsu?" na tambaye ta.

Ta wangale baki, kusan dasashi zalla. "Maigidana, ido gare ka ko ado? Ni ce birin! Saura biyu, su ma sun fara sallama."

Sai da na girma, na zama mai kula da takardu, na lura ba ta faɗi daidai ba. Matar da ta binne 'ya'ya uku, ta tashi ta raini marayunsu, har tana ba su dariya, ita ce kifin.

Bara wani kwamiti ya nemi tatsuniyoyi domin littafin 'yan firamare. Na rubuta wannan da hannuna, na miƙa. Da littafin ya fito, an mai da ƙirish tarwaɗa, an rubuta "daga bakin wata tsohuwa". Na tambayi sakataren dalili, ya ce: "Haba Malam, ina tsohuwar Kontagora ta ga teku?"

Tarwaɗa tana da ƙashi, saboda haka gorin birin ya zama shirme. Mafi muni, an ƙaryata abin da ta gani da idonta, alhali ba ta da bakin kare kanta.

Don haka ina roƙon shugaban kwamitin, cikin girmamawa, ya binciki wanda ya yi wannan sauyi, a mai da kifin yadda yake a bugu na gaba, a kuma rubuta sunanta: Hajiya Delu, wadda ta ga teku.