Muryar Baba a Kiɗan Kwamfuta

Shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya ja baya, albasarmu ta fara bushewa tun ba ta ƙosa ba. Injin ban-ruwa sai laka yake tsotsa, mu kuma sai kallo.

A lokacin ne ɗan ƙanwar Baba ya zo daga Sakkwato da kwamfuta da na'urar ɗaukar sauti. Kiɗa yake haɗawa, ba ganga ba kalangu, komai a cikin kwamfuta. Ya ce faifansa na gaba a kan ƙafewar gulbi ne, kuma duniya za ta ji. Ya ɗauki sautin tarin injinmu, da kukan 'yan kwaɗin da suka rage, har da ƙarar busasshiyar laka in an taka ta.

Baba da jin "duniya za ta ji", shi ke nan, ya ɗauka koke za a kai wa masu buɗe ruwan madatsar. Ya koma gida ya sako rigar Juma'arsa, ya tsaya tsakiyar fangalin albasa, ya yi sallama ga na'urar. Ya gaida manya. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya roƙi a sako ruwa ko na kwana biyu ne. Ni na san kiɗa ne kawai, amma na bar shi ya ci gaba. Ni ma ba ni da wata ƙofar da zan nuna masa.

Ruwa bai zo ba. Muka tuge albasar, 'yan ƙanana kamar goro.

Bayan watanni faifan ya iso wayata. Na kunna wa Baba a zaure. Duk dogon jawabinsa an yanke, saura "albasa ta ƙone", ana ta maimaitawa bisa dukan kiɗa mai girgiza ƙirji. Abin haushi, kiɗan ya yi daɗi. Har na kama ƙafata tana motsi, kunya ta rufe ni.

Baba ya saurara har ƙarshe.

"To, mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba tukun, Baba."

"Gaisuwar da niy yi musu fa? Ban ji ta ba."

Na ce an cire ta.

Ya murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Kira min yaron ga, in sake. Wa za ya buɗe ma ruwa ba ka gaishe shi ba?"