Kan Sarki Cikin Azumi

Gidan da nake ciki a Tambuwal na saye shi ne jim kaɗan bayan samun mulkin kai, lokacin ina fataucin dawa da jakai uku. Mai gidan wani dattijo ne mutumin Fakku, ya gaje shi daga wansa, yana son ya sayar ya koma gida ranar nan da motar Kebbe. Wani mahauci kuma na nema, har ya fi ni tayi. Dattijon ya ce ni ya fara yi wa magana, amma in mota ta tashi ba mu gama ba, gida na mahauci ne.

Azumi ake, rana tsaka. Muka shiga ofishin hakimi da shaidu biyu, mahauci na biye da mu wai rakiya. Akawu ya rubuta takardar ciniki, ya ce saura kan sarki.

Ni da boko wata biyu muka yi, aka kore ni don na sace wa malami iskar keke. Abin da na sani, wasiƙa ake manna wa kan sarki. Na ce, "Malam, ina za a aika gidan?"

Ya yi dariya har ya tuna yana azumi. Ya ce wannan rabon gwamnati ne, kuɗinsa na bin kuɗin gida. In babu shi, ko rigima ta tashi alƙali ba zai dubi takardar ba, sai dai a ƙunshe ƙosai. Kuma mai sayarwa zai dangwala yatsa a kai, rabi kan sarki rabi takarda, don kada a ɓanɓare a sake amfani da shi.

Na biya. Ya miƙo mani, ya ce in lasa.

"Malam, azumi nika yi."

"Ni hwa, goro ka ga ina ci?"

Shaidu suka ɗaga kai suna duban azara. Aka leƙa tulun ofis, ƙayau. Na tara ɗan yawu zan tofa a yatsa, dattijo ya ce, "Yaro, ba ni aza hannuna bisa miyan wani." Can waje direba ya danna ham. Dattijo ya ɗauki sandarsa. Mahauci ya ce, "Ka tai rijiya mana, muna jiranka," yana murmushi, don ya san kafin in dawo mota ta kai Dogon Daji ko ina ne.

Na cire hula don in sosa kai, sai na ji ta jiƙe sharkaf. Tsoron rasa gida ya sa zufa na zuba har gemu. Na ɗora kan sarkin a goshi, na danna, na ɗauke, na manna a takarda. Ya kama tsam.

"Baba, wannan fa?"

Ya duba, ya ce, "Zuffa ba ta ɓata alwalla." Ya dangwala.

Akawu ya ce shekara nawa yana aikin nan bai taɓa ganin haka ba. Mahauci ya fita ko sallama babu.

Takardar na cikin akwatina. Tawada ta koɗe, gara ta ɗan ci gefe, amma kan sarkin ko kusurwa ɗaya bai ɗaga ba. 'Ya'yana masu digiri sukan yi mani dogon bayani kan harajin sayen gida. Nakan bari su gama, sannan in aika a ɗauko akwatin.